'Yan Wicca ba Shaiɗan suke bauta wa ba

Na gaji da jin ana cewa masu addinin gargajiyar Turai, irin 'yan Wicca, Shaiɗan suke bauta wa. Ba laifi a zaci haka, tunda suna kiran kansu mayu, kuma abin bautarsu namiji mai ƙaho ne. Amma a imaninsu babu Shaiɗan sam. Gerald Gardner ne ya fito da Wicca fili a Ingila a shekarun 1950. Suna girmama allahiya da wancan mai ƙahon, suna bukukuwa takwas a shekara bisa sauyin yanayi.

Ɗauki ma'aikaciyar laburare daga cikinsu: ta yini tana jera littattafai, da yamma ta ba shukokin lambunta ruwa, daren da wata ya cika ta kunna kyandir ta yi addu'arta.