Kada Mu Rufe Wa Mai Tambaya Baki

Ƴan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Wannan magana tawa ga iyaye ce, da dattawan ikkilisiya, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, na cikin garin Maradi da na Tsibiri, Danja, Madarunfa, Agye har Tasawa.

Ƴaƴanmu suna tambaya a kan Littafi Mai Tsarki, mu kuwa tsawa muke mayar musu. Yaro ya ce, "Baba, me ya sa littafin Kaka ya ce Yohanna, nawa kuma ya ce Yahaya?" Sai a ce masa ya cika surutu. Budurwa ta ce, "Malam, cikin fassarorin nan wacce ce ta gaskiya?" Sai a ce mata, "Tambayar Shaiɗan ce wannan, ke dai ki ba da gaskiya." Ta yi shiru, mu ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Da dare za ta kai tambayarta WhatsApp, saurayin kuma ya kai tasa fada, wurin shan shayi, can kuwa ba a rasa mai amsawa. Mai amsawar nan ba lalle yana ƙaunarsu ba, ba lalle kuma ya taɓa karanta sura guda daga farko har ƙarshe ba. Amma ya saurare su, abin da mu muka ƙi yi.

Na zauna cikin wani nazarin Littafi na yamma, ana karanta Ayyukan Manzanni sura 8 bi da bi. Wata tsohuwa tana rungume da nata Littafin a cikin leda, bangonsa an ɗinke da zare. Wani saurayi yana riƙe da na Faransanci, fassarar Segond. Da layi ya zo kan wata yarinya ƴar makaranta, sai ta karanta daga wayarta, wata sabuwar fassara ce. Ta karanta aya 36, inda mutumin Habasha ya ce ga ruwa, me zai hana a yi masa baftisma, daga nan ta wuce aya 38. Saurayin ya ɗaga hannu ya ce, "Ta tsallake aya." Aka miƙa wayar hannu hannu, kowa ya duba. Ba ta tsallake kome ba: bayan 36 sai 38. Mai jagorar nazarin ya ce, "Shi ya sa nake hana ku karatu a waya. Mu ci gaba." Yarinyar ta sa wayar cikin jaka, ba ta sake buɗe baki ba har aka yi addu'ar rufewa. Abin ya tsaya mini a rai, domin tambayar tana da amsa, amsar kuma ƙarfafa bangaskiya take yi.

Ga yadda abin yake. Manzanni da annabawa ba su sa wa rubutunsu lambobi ba. Luka ya rubuta labarinsa a miƙe, ba sura ba aya. Rabon surori da muke amfani da shi ya fito a farkon ƙarni na 13, daga hannun Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ne Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Rubutun Helenanci da ya sa wa lambobin ya samo asali daga aikin wani masani mai suna Erasmus na 1516, shi kuwa Erasmus da ƴan kwafi kaɗan ya yi aiki, ba su kai goma ba, kuma dukansu an juye su ne ɗaruruwan shekaru masu yawa bayan zamanin manzanni. Daga baya Allah ya sa aka samo kwafi waɗanda suka fi su tsufa nesa ba kusa ba. Akwai wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i a ƙarni na 19, rubutun ƙarni na 4, akwai na Vatikan, shi ma na ƙarni na 4, akwai kuma guntayen takardun da yashin Masar ya adana, waɗanda suka girme su. Yau kwafin Sabon Alkawari na Helenanci da aka rubuta da hannu, cikakku da guntaye, sun haura 5,000. Da aka jera su aka gwada, sai aka ga mafiya tsufa ba su da kalmomin da Estienne ya sa wa lamba 37.

Mu da muka tashi a ƙasar noma mun san wannan. In rikicin iyakar gona ya tashi, mai gari yakan nemi tsofaffin da suke wurin ranar da aka dasa gamba, maganarsu kuma ta fi ta wanda ya ji daga bakin wanda ya ji nauyi. Haka masu fassara suka yi: suka bi tsofaffin shaidu. Ba su kuma ɓoye abin da suka yi ba. Wasu sun sa ayar cikin baka, wasu sun sauko da ita ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, suka bar lambobin yadda suke don kada lissafin kowa ya rikice. Mai niyyar sata ba ya barin lamba 36 da 38 a fili don kowane yaro ya ƙirga.

Me ayar take cewa? Filibus mai bishara ya ce wa mutumin Habashan, in ya ba da gaskiya da zuciya ɗaya za a yi masa baftisma, shi kuma ya amsa cewa ya gaskata Yesu Almasihu Ɗan Allah ne. Magana ce tsohuwa ƙwarai cikin ikkilisiya, har Ireniyus, bishop na birnin Liyon, ya san ta a ƙarni na 2. Kuma ko an bar ta a cikin shafi ko an sa ta a ƙasa, koyarwar tana nan daram a Romawa 10:9, tana nan a Yahaya 20:31, tana nan a amsar Bitrus cikin Matiyu 16:16. Haka batun Matiyu 17:21 yake, da Markus 16:9-20, da labarin macen da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11. Masana sun san wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, an rubuta su a fili, kuma mutuwar Ubangijinmu da tashinsa da ceto ta wurin alheri ba su rataya a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan bayani duka bai fi minti biyar ba. Da an yi wa yarinyar nan shi, da ta koma gida da ƙarin amincewa da Littafinta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, surar da ake karantawa a ranar ita kanta labarin mai tambaya ce. Babban mutum ne, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana cikin keken dokinsa a hanyar Gaza yana karanta annabi Ishaya da murya. Ruhu ya ce wa Filibus ya matsa kusa. Filibus bai fara da wa'azi ba, da tambaya ya fara: kana fahimtar abin da kake karantawa? Mutumin ya ce ina zai iya in ba wanda ya bayyana masa. Filibus ya hau, ya zauna kusa da shi. Sai mutumin ya jefo tambaya mai nauyi: annabin nan, kansa yake nufi ko wani? Littafi ya ce daga wannan nassin Filibus ya fara, ya yi masa bisharar Yesu. Daga inda mutumin ya tsaya ya ɗauko shi. Ku lura da wani abu kuma. In kun buɗe Ishaya 53:7-8 kuka gwada da Ayyukan Manzanni 8:32-33, za ku ga kalmomin sun ɗan bambanta. Dalili shi ne Ishaya da Ibrananci ya rubuta, Luka kuwa ya kawo nassin bisa tsohuwar fassarar Helenanci wadda Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Manzanni da kansu sun yi wa'azi da fassara, Ruhu Mai Tsarki kuma bai ƙyamace ta ba.

Saboda haka kada wani ya kunyata mu don Littafinmu na Hausa fassara ne, ko don ya fi ɗaya. Tun a ƙarni na 19 wani mishan mai suna Schön ya fara juya Littafi zuwa Hausa, cikin waɗanda ya koyi harshen a bakinsu kuwa har da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram. Mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka iso Tsibiri. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai tare da wasu. Shi ne wanda kakanninmu suka haddace, mai Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a. A 1979 aka fito da wata fassarar, mai Matiyu da Yahaya da Maimaitawar Shari'a, bayanta ma an yi wasu. Hausar 1932 ba ita jikokinmu suke yi ba, masu fassara kuma ƴan Adam ne, kowane yana ƙoƙarin faɗin abu ɗaya yadda mai karatu zai gane. A ganina, gidan da yake da fassara biyu ko uku ya fi mai guda arziki. In aya ta yi maka duhu a wannan, ka duba wancan, ka duba na Faransanci in kana ji. Inda suka yi daidai ka kwantar da hankalinka. Inda suka bambanta, nan ne wurin tambaya da bincike.

Dattawa, ina roƙonku da girmamawa. Ba wanda ya ce dole ku san kome. Bitrus da kansa ya ce cikin wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar fahimta. In yaro ya kawo abin da ba ka da amsarsa, ka ce, "Ɗana, tambayarka mai kyau ce, ba ni mako guda." Sa'an nan ka cika alkawari. Ka je wurin fasto, ka nemi wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ka karanta ƙananan rubutun nan na ƙasan shafi da muka saba tsallakewa. Girmanka ba zai ragu ba, yaron kuwa zai koyi cewa gidan Allah wuri ne da ake faɗin gaskiya. Abin da yake rushe amana shi ne ka ƙago amsa don kare mutuncinka, gobe ya gano ba haka ba ne. Daga ranar, ko gaskiya ka faɗa masa sai ya yi shakka. Yakubu cikin wasiƙarsa ya gargaɗe mu cewa mu masu koyarwa za a yi mana shari'a mafi tsanani. A zamanin Nehemiya ma, da Ezra ya karanta Shari'a a gaban jama'a, Lawiyawa sun bi mutane suna bayyana ma'ana har suka gane, kuma an rubuta cewa jama'ar sun tafi da murna ƙwarai domin sun fahimci abin da aka karanta musu.

Ku kuma matasa, ina da magana da ku. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar neman sani daban take da tambayar neman kunyata babba a gaban jama'a. Mutanen Biriya da aka yaba a Ayyukan Manzanni 17:11 sun karɓi maganar da marmari, suna bin Littattafai kowace rana don su ga ko haka ne. Bincike suka yi da kansu, ba jita-jita suka bi ba. In an turo maka guntun bidiyo ko murya, wani yana cewa an cire aya kaza ko aya kaza ta saɓa wa aya kaza, kada ka yi saurin turawa gaba. Buɗe wurin, karanta surar duka, ka ga wa yake magana, da wa yake yi, a wane hali. Filibiyawa 4:13 da muke rubutawa a bayan babur, Bulus a ɗaure yake da ya rubuta ta, yana maganar yadda ya koyi zama cikin ƙoshi da cikin yunwa. Irmiya 29:11 da muke so a ranar jarrabawa, wasiƙa ce ga bayin da aka kwashe zuwa Babila, ayar da take gabanta kuma ta ce sai shekara 70 sun cika. Alkawaran gaskiya ne, sun ma fi daɗi in ka san cikin irin wahalar da aka ba da su. Ku tuna Iblis ma ya jawo Zabura 91 sa'ad da yake gwada Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Ubangiji kuwa ya amsa masa da wani nassin da ya daidaita ma'anar.

Akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke zuwa sunansu da jana'izarsu, su zo namu, wasunmu ma ciki ɗaya muka fito da su. Da yawa cikinsu in sun tambaye mu game da yawan fassarori, da gaske suke son ji. Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Ka bayyana abin da ka sani a natse, ba zagi, ba taɓa abin da yake girmamawa. In ka ga zancen ya juya gardama, ka yi sallama cikin mutunci, domin Bulus ya gaya wa Timoti cewa bawan Ubangiji ba mai husuma ba ne.

Ga roƙona ga shugabannin ikkilisiyoyinmu: a ware lokaci, ko sau ɗaya a wata bayan sujada, na tambaya da amsa kawai. A ajiye kwali a ƙofar majami'a, mai jin kunya ya rubuta tasa ya jefa ba suna. Iyayenmu mata da ba su yi karatu ba, a bar su su faɗa wa shugabar zumunta tasu da baki ta kawo. Fasto ya kwashe tambayoyin tun da mako guda don ya samu ya yi shiri, ranar kuma kowa ya zo da fassarar da yake da ita, ta takarda da ta waya.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.