Fayil ɗaya daga Agege har Sakkwato, amma wa zai riƙa leƙawa?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati ya san bayan ciwon akwai wata jinyar ta neman folda. Ka miƙa kati a taga a ce ka jira, rana ta take a dawo a ce ba a gani ba sai dai a buɗe sabo, likita kuma ya hau tambayarka daga farko. Shi ya sa da ake ta maganar a zuba bayanan marasa lafiya na ƙasar nan kaf a kwamfuta yadda kowane asibiti zai iya buɗewa, ni dai ina goyon baya, kuma ban ga wanda zai more shi kamar mu 'yan Arewa mazauna Ikko ba.

Mu ƙafa ɗaya nan ɗaya gida. Mai tumatir a Mile 12 yana kan maganin hawan jini, damina ta faɗi ya wuce Katsina noma, fayil ɗinsa yana asibitin Gbagada. Mace ta gama awo a Agege a tura ta gida haihuwa wajen iyayenta, can kuma ba wanda ya san jininta ya taɓa hawa a cikin baya. Ga direban tirela da za a kwaso daga hatsari a Mokwa ko magana ba ya yi. Wani ma Turancinsa da Yarbancinsa na ciniki ne kawai, ta yaya zai faɗa wa nas sunan allurar da jikinsa ba ya so?

To amma fa akwai inda nake tsoro. Sani Abubakar nawa ne a Idi-Araba kaɗai, kuma da yawa a takarda 1 ga Janairu aka haife su don ba a rubuta ranar ba. Folda in ta ɓata likita ya san bai sani ba, zai sake gwaji, amma kwamfuta in ta haɗa ka da mai sunanka, rukunin jinin wani za ta nuna kuma kowa ya yarda. Za a ce ai NIN zai raba gardama, e, ga wanda yake da shi. Dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda aka kawo ranga-ranga, kar “babu NIN” ko “babu netwok” su zama sabuwar hanyar korar mutane. Ko Ingila da ba ta san ɗauke wuta irin namu ba, harin kutsen kwamfuta na WannaCry a 2017 ya sa an soke ganin likita kusan 19,000.

Babban abin dai sirri ne. A Singafo a 2018 'yan kutse sun kwashe bayanan mutum miliyan 1.5 har da na firaministansu. Mu nan a 2024 aka yi ta rahoton shafukan da ke sayar da bayanan NIN a kan naira 100. Lambar waya in ta fita sai ka canja layi, amma a ji a zango cewa wance tana karɓar maganin ƙanjamau, ko wane ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali na Yaba, wallahi aure ya watse, maigadi ya rasa aikinsa, kuma galibi ba ɗan kutse ne zai fasa ƙwan ba, wani ma'aikaci ne ɗan unguwa da ya buɗe don gulma.

Muna da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta NDPC, madalla, sai dai talaka ba zai kai ƙarar abin da bai san an yi masa ba. A Estoniya mara lafiya yana iya ganin duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa. Wannan nake so Ministan Lafiya da gwamnatin Legas su sa a gaba tun kafin a sayo kwamfutocin: duk wanda ya taɓa fayil ɗina, tes ya shigo min ko a ƙaramar waya ce, da sunansa da asibitin, kuma da Hausa in ita na zaɓa.