Sunan da ke jikin kwalba ba shi ke waƙa ba

To, tunda maganar tsohon bawul da sabo ta bar falona ta shigo guruf, bari ni ma in faɗi tawa. Waɗanda suka zo wajena a Agege daren Asabar sun ga komai da idonsu. Wani bawan Allah ya leƙa cikin amfilifayata, ya hango sababbin bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, na kamfanin JJ na Silobakiya guda huɗu suna ja kamar garwashi, ya taɓe baki ya ce, "Haba Yallaɓai, kamar kai da kayan yara? Mu ai sai tsohon Mullard na Ingila." Har da fito da nasa daga jaka, naɗe cikin hankici kamar zinaren amarya. Ya ce kuɗin da ya zuba a kansu zai sayi ragon layya.

Na karɓi ɗaya na ɗaga saitin fitila. A jikin gilashin, da ƙananan haruffa, an rubuta ƙirar Rasha ne.

Masana'antar Mullard ta Blackburn ta daina yin bawul tun farkon shekarun 1980. Sunan yanzu yana hannun wani kamfanin Amurka, New Sensor, kuma a garin Saratov na Rasha ake ƙera su, a masana'antar da ke fitar da Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol na yau. Ba jabu ba ne, kaya ne mai kyau. Wanda ya sayar masa a matsayin tsoho shi ne ya yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma ku duba abin dariyar: wata shida mutumin nan yana cika mana kunne da "zaƙin sautin Ingila", yana lumshe ido, yana kaɗa kai, ashe sabon bawul ɗan Rasha yake saurare. To me kunnensa ke ji duk tsawon lokacin nan? Suna yake ji. Kuɗinsa yake ji.

Abin da nake ta faɗa ke nan ana cewa na cika gardama. Tsufa ba inganci ba ne. Na san za ku ce ai na da sun fi ƙarko. Na yarda, lokacin da RCA da Telefunken da Mullard ke ƙera su miliyan-miliyan domin rediyo da talabijin da sojoji, an yi aiki da tsantseni. Sai dai wanne daga ciki ke isowa hannunka a Legas? Wanda aka zare daga mataccen rediyo, aka goge da tsumma, aka saka a kwali. Bawul kamar fitila yake, akwai sinadarin da ke jikin ƙarfen da ake zafafawa a cikinsa, yana ƙarewa a hankali, kuma ido ba ya ganin haka. Idan ba a ɗora shi kan na'urar gwaji a gabanka ba, hasashe kawai ka saya. Abin da ido ke iya gani ɗaya ne: tabon nan mai ƙyallin azurfa a cikin gilashin, in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, sai dai ka ajiye shi a kan tebur ado. Na Blackburn na gaske suna da lambar da aka zana a gilashi, layinta na biyu yana farawa da B, Telefunken kuma yana da 'yar alamar daimon a gindinsa tsakanin ƙafafu. Cikin masu cika bakin nan, nawa ne suka taɓa juya kwalbar suka duba?

Wani zai ce shi dai ya ji bambanci. Ka ji mana. Ka cire bawul da ya gaji ka sa mai ƙarfi, dole ka ji bambanci, ko daga Silobakiya ya zo ko daga Sin. Manyan bawul irin EL34 da KT88 galibi bibbiyu suke aiki, sai an dace ƙarfinsu ya zo ɗaya, sannan mai gyara ya saita wutar da ke bi ta cikinsu. Sababbi ana sayar da su a haɗe an gwada. Tsofaffi kuwa ka samo ɗaya nan ɗaya can, wani ɗan 1958 wani ɗan 1971, ka cusa su tare, ka ce kai masani ne.

Sannan a ina muke zaune? Zaren da ke zafafa bawul ɗin nan bolt 6.3 yake so, ba ƙari. Mu kuwa wuta ta zo ƙasa-ƙasa da rana, ta ɗauke, a tada janareta ta yi sama. Ga laimar teku da ke sa ƙafafun bawul tsatsa cikin soket. Ka kashe kuɗin rago a kan kwalba, ba ka da istabilaiza ko ta kirki. Wallahi tausayi abin ke ba ni, ba wasa nake ba, don na san yadda ake wahalar neman kuɗin nan a garin nan. In dole sai ka ɗanɗana tsoho, sayi ƙaramin ECC83 guda ɗaya da aka gwada, su ba sa saurin mutuwa kamar manya. Ragowar kuɗin ka gyara sifikunka, ka sa a canja tsofaffin kafasito, can ne sautin kalangu da kukuma zai fito maka. Kuma don Allah kar ka zura hannu ciki da kanka, akwai sama da bolt 400, kuma wutar na nan maƙale ko bayan ka zare fulogi.

Ni kaina ina da tsohon bawul ɗaya, na rediyon Baba, Allah ya jiƙansa. Ba ya aiki, tabonsa ya yi fari tuntuni. Ina ajiye da shi ne saboda ƙamshin ƙurar da ke ɗumama a rediyon nan da asuba, lokacin da yake jiran ta yi zafi ya kamo BBC, mu kuma muna jiran koko. Yanzu masu gyaran irin waɗannan kaya ma sun ƙare, dattijon da ke naɗa mini taransifoma ya koma gida tun bara, yaransa duk sun koma gyaran waya. Wanda ya san wani tsakanin Agege da Idi-Araba ya yi mini magana. Kuma wanda ya tafi da abin sodana daren Asabar, na san shi, ya dawo mini da shi kafin Juma'a.