Yoga: tabarmar ta zaga duniya, horon ya tsaya a hanya

Duk ranar 21 ga watan Yuni sai hotuna iri ɗaya su cika kafafen labarai: mutane sahu-sahu a kan 'yan tabarmin roba, hannuwa a sama, ido a rufe. Firaministan Indiya Narendra Modi ne ya kai shawarar ware wannan rana domin yoga, tsohon horon jiki da zuciya na Indiya, gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumban 2014, kafin shekarar ta ƙare ƙasashe 177 sun sa hannu a kan ƙudurin. Da aka yi bikin farko a 2015, kusan mutum 36,000 suka taru a babban titin birnin Delhi, shi kansa Modin ya shimfiɗa tabarmarsa a cikinsu. Ta fuskar tallata al'ada Indiya ta ci kasuwa, wannan ba a jayayya. Abin da nake jayayya a kai shi ne hajar da aka sayar. A ganina duniya ta ɗauki lanƙwashe-lanƙwashen jiki, wanda shi ne mafi sauƙin ɗauka a hoto, ta bar abin da ya fi amfanin mutumin wannan zamani, wato horon kai na yau da gobe.

Ni ciwon baya ne ya haɗa ni da maganar. Shekaru na zaman gaban kwamfuta suka sa ƙuguna ya riƙe, har ta kai in na sunkuya wanke ƙafa wajen alwala sai na dafa bango kafin in miƙe. Likita ya duba ni, ya ce ba wani abin tsoro, ya miƙo mini takarda mai zane-zanen motsa jiki guda shida. Daga baya na gane rabinsu daga yoga aka ɗebo su. Ranar farko na yi awa guda ina miƙa da murɗe-murɗe, rana ta biyu minti arba'in, ta uku na tashi jikina kamar an yi mini duka. Sati bai zagayo ba takardar ta koma ƙarƙashin tarin jaridu. Wutar kara ke nan, ta kama bal-bal ta mutu. Haushin kaina da na ji shi ya sa na koma neman asalin abin, in ga ko su masu shi haka suke yi.

Littafin da kowa ke komawa gare shi shi ne na wani malami mai suna Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500 da tsarawa cikin harshen Sanskirit. Gajerun jimloli ne kusan 196, irin waɗanda almajiri zai haddace malami ya warware masa. Tun a jimla ta biyu ya faɗi abin da yake nufi da yoga: tsayar da kai-kawon zuciya. Sannan ya jera matakai takwas. Na farko kamewa daga cutar da wasu, na biyu kula da halin kai, na uku zama, na huɗu sarrafa numfashi, daga nan sai janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, tattara tunani wuri ɗaya, nutsewa a cikinsa, da matakin ƙarshe da suke kira samadi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a cikin jimlolin nan duka uku kacal suka yi maganar yanayin jiki, kuma abin da suka nema shi ne zaman ya kasance tabbatacce mai daɗi. Ba tsayuwa da kai, ba ɗora ƙafa a wuya.

Yawancin abin da ake gani a ɗakunan motsa jiki na Landan da Dubai daga baya ya zo. Akwai tsohuwar makarantar da ake kira hata yoga wadda ta ba jiki muhimmanci, amma tsarin da ya yaɗu a duniya ya samu siffarsa ne a shekarun 1930, a fadar sarkin Maisur da ke kudancin Indiya, hannun wani malami Krishnamacharya. Ɗalibansa irin su Iyengar da Pattabhi Jois suka fita da shi waje, wata ɗalibarsa Baturiya da ta ɗauki sunan Indra Devi ta buɗe makaranta a Hollywood a ƙarshen shekarun 1940, 'yan fim suka yi ca a kai. Da abu ya shiga hannun 'yan fim da 'yan kasuwa kuwa, an san inda zai dosa. Yau akwai wando na yoga, tabarma ta yoga, har da otal-otal na yoga. Wani ɗan Indiya da ke zaune a Amurka a lokacin, Bikram Choudhury, ya nemi doka ta mallaka masa jerin motsi 26 da yake koyarwa a ɗaki mai zafi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce masa a'a a 2015.

Mu koma ga jerin Patanjali, domin yadda ya tsara shi ma magana ce. Kafin mutum ya zauna ya rufe ido, an ce ya fara da abu biyar: kada ya cuci wani mai rai, ya faɗi gaskiya, kada ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya kame sha'awarsa, kada ya tara abin da ya wuce buƙatarsa. Bayansu akwai tsafta, wadatar zuci, juriya, karatu da bibiyar kai, da miƙa wuya ga abin bauta. Hikimar a fili take. Wanda ya wuni yana zabga wa abokin ciniki ƙarya, ya kwana yana yaga mutuncin mutane a Facebook, in ya zauna da safe ya ce zai nutsu, abin da ya shuka ne zai taso masa a ƙirji. An bar jaki ana dukan taiki in aka ce numfashi kaɗai zai gyara wannan. Gandhi, wanda ba a san shi da lanƙwasa jiki ba, ya ɗauki biyun farko na jerin nan, gaskiya da rashin cutarwa, ya mai da su makamin da ya tunkari mulkin mallakar Ingila da shi. In da za a tambaye ni wa ya fi aiki da koyarwar a ƙarnin da ya wuce, shi zan nuna kafin masu tsayuwa da kai.

Sai dai inda littafin ya fi kama ni shi ne inda ya amsa ainihin matsalata. Ya ce zuciya tana tsayuwa ne da abu biyu, naci da rashin ƙwallafa rai a kan sakamako. Nacin kuma ya gindaya masa sharaɗi uku: a daɗe ana yi, kada a yanke, a yi shi da girmamawa. Bai ce a yi da yawa ba. Ni da na fara da awa guda na karya sharaɗin tun kafin in san da shi. Da na sake ɗauko takardar likita sai na yanke wa kaina minti goma, bayan sallar asuba, kafin in taɓa waya. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya. Sai da na mayar da cajar wayar falo, domin muddin tana gefen katifa hannuna ne ke riga hankalina farkawa, kafin in ankara minti ashirin sun tafi wajen karanta gardamar da ba ta shafe ni ba a wani zauren WhatsApp. Makonnin farko ban ga wani canji ba. A nan ne rabin maganar na biyu ya yi aiki, domin mai auna bayansa kullum ya ga ko ya warke shi ne mai barin motsin a kwana na goma. Wajen wata na uku ne wata rana na idar da alwala na miƙe, sai da na kai ƙofa na tuna ban dafa bango ba. Yau da gobe ke sa allura ta haƙa rijiya, mun daɗe da sani, aiki da shi ne ke gagarar mu.

Mataki na biyar ma, wato janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, kamar don mu aka rubuta shi. Littattafan Indiya suna misalta shi da kunkuru, yadda yake mayar da kai da ƙafafu cikin ƙoƙonsa. A zamanin da aka yi wannan misali abin da ke jan hankalin mutum bai wuce hayaniyar kasuwa da ta gida ba. Yau kamfanoni ne masu dukiyar da ta fi ta wasu ƙasashe suke biyan ƙwararru albashi don su gano yadda za a hana ka ajiye waya, domin hankalinka shi ne abin da suke sayar wa masu talla. Iya janye ido na rabin awa da gangan ya zama ƙwarewar da sai an koya, kuma ba a koyonta da karanta maƙala irin wannan.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu tun daga sakin layi na farko, kuma tambaya ce mai tushe: shin wannan ba bautar Hindu ba ce? A asalinta yoga tana da aƙida, ɓoye hakan yaudara ce. Manufarta ta ƙarshe ita ce kuɓutar da rai daga zagayen sake haihuwa, abin da Musulmi bai yarda da shi ba, Kirista ma haka. Akwai kalmomin da ake rerawa, akwai jerin motsin da sunansa ma gaida rana ne. Shi ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta a 2008, majalisar malaman Indonesiya kuma a 2009 ta hana nau'in da ke haɗe da rera kalmomin bauta, ta ƙyale wanda motsa jiki ne zalla. A Indiya kanta ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi a kan gaida rana gabanin bikin 2015, aka cire shi daga tsarin hukuma. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki. A ɗaya gefen, akwai 'yan Hindu da ke jin zafin yadda Turawa suka yanke abin daga addininsu suna cin kuɗi da shi, kuma su ma da gaskiyarsu.

Ni ba mai fatawa ba ne, amma ina da abin koyi. Kusan shekara dubu da suka wuce Abu Raihan Albiruni, malamin nan na ƙasar Kuwarizim da ke tsakiyar Asiya, ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya bayyana abin da Indiyawa suka yi imani da shi dalla-dalla, bai fasa zama Musulmi ba. Sanin abu daban, bauta da shi daban. Miƙe tsokar baya ba ta da addini, jan numfashi a hankali ma haka. Abin da ya shafi aƙida kuwa a bar wa masu shi kayansu. Zancen naci ma ba baƙo ba ne a gidanmu: hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Mutumin da ke tashi asuba shekara talatin ba fashi ya san naci fiye da yawancin masu tabarmar roba. Abin da ke ba ni kunya shi ne yadda muke barin wannan horo a ƙofar masallaci, ba ma shigar da shi cikin cin abinci, barci, karatu da riƙon waya.

Akwai kuma masu cika baki ta fuskar lafiya, su ma sai an yi hattara da su. Abin da likitoci suka tsaya a kai yana da iyaka. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka a 2017 ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu kafin a kai ga ƙwayoyi, tare da sauran nau'o'in motsa jiki. Wannan daban yake da cewa tana warkar da ciwon suga ko hawan jini. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta ja kunnen fitaccen malamin yoga Baba Ramdev da kamfaninsa a kan tallan magunguna masu ruɗar jama'a, sai da suka buga neman afuwa a jaridu. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, ya ƙara da motsin in likita ya yarje masa.

Wani abokina da na ba wannan labari ya yi dariya, ya ce ai nutsuwa sai cikin da ya ƙoshi, mai tura baro a kasuwa ina ya ga lokacin rufe ido. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ba numfashin da zai sauko da farashin shinkafa, kuma ina ƙyamar yadda wasu kamfanoni a Turai da Amurka ke kawo wa ma'aikata malamin yoga maimakon su rage musu aiki ko su ƙara musu albashi. Wadatar zuci in mai ƙarfi ne ke wa'azinta ga marar ƙarfi, to a duba aljihun wa za ta amfana. Amma mai tura baro ba shi ne majinyacin ba. Jikinsa na motsi, dare na yi barci ke sace shi. Majinyatan su ne ire-irenmu, ni da abokin nawa, masu wuni a kujera, masu kwana da waya a tafin hannu, masu sayen takalmin gudu a watan Janairu ya tsufa a kwali. Na tambaye shi minti nawa ya yi a TikTok jiya. Ya buɗe wayar ya duba, ya mai da ita aljihu, ya ce mu canza magana.