Kafin ka saya wa yaro littafin kimiyya ko na tarihi, buɗe shi tukuna

Ranar Asabar da ta wuce 'yata mai shekara tara ta zo ta tsaya a kaina da littafi a hannu, ta ce, "Baba, duniyoyin da ke kewaya rana tara ne ko takwas? Malamarmu ta ce takwas, littafin nan kuma ya ce tara." Na karɓa na buɗe bayan bango, inda ake sa shekarar bugu da ƙananan haruffa: 1994. Ni na sayo mata shi a wurin masu baza littattafan gwanjo a bakin titi, don na ga kauri da hotuna masu kala, ga kuma araha. Malamar ce da gaskiya. A watan Agusta na 2006 masana taurari suka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi, bayan an gano wasu irinta a can nesa, ciki har da Eris wadda girmansu kusan ɗaya. Littafin bai yi ƙarya ba a zamaninsa, tsufa ya yi.

Abin ya tsaya mini a rai. Za mu sayi maganin tari mu juya kwalba mu duba ranar lalacewa, za mu sayi shadda mu murza ta mu ɗaga ta a rana, amma littafin da zai zauna a kan yaro shekara da shekaru sai mu auna shi da nauyi kawai. Tatsuniya ba ta tsufa, Gizo da Ƙoƙi yau kamar jiya suke. Littafin da ya ce maka "ga yadda duniya take" kuwa yana da shekaru. Taswirar da babu Sudan ta Kudu an zana ta kafin 2011. Wadda ta nuna Legas a matsayin babban birnin Najeriya ta riga Disambar 1991. Wadda babu Zamfara da Gombe a ciki ba ta kai 1996 ba. Minti ɗaya ya isa ka gano wannan tun kana tsaye gaban mai shago.

Na tarihi ya fi wuyar sha'ani, domin shi ba shekarar bugu kaɗai ake dubawa ba, har da bakin da ke ba da labarin. Da yawanmu mun haddace a firamare cewa wani Bature, Mungo Park, ne ya "gano" kogin Kwara. Mutumin ya isa bakin kogin a Segu a 1796, ya tarar da gari cike da jama'a, ga jiragen fito suna kai da kawo, ya kuma rasu a ruwan Busa a 1806. Wane ganowa? Sarkawa da Nufawa sun gaji kamun kifi a kogin nan kaka da kakanni. Idan na buɗe littafin tarihin yara na ga mutanen ƙasa ba su da suna, sai dai "'yan ƙasa" da ke ɗaukar kaya a bayan Bature, ajiye shi nake yi komai kyan takardarsa. Haka kuma ba na son wanda ya karkata ɗaya gefen, ya mai da kowane sarki waliyyi, ya share cinikin bayi da yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin garuruwanmu kamar ba a yi ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗaukar gaskiya idan an faɗa masa ita da natsuwa. Kuma mu tuna, an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya wajen 2009, aka yi shekaru kafin a dawo da shi. Akwai matasan da yau su ne iyaye ko malamai, ba su taɓa zama ajin tarihi ba. Littafin da ke gida shi ne zai cike wannan giɓi.

Abin da na fi nema a littafi, kuma shi ne dalilin wannan dogon rubutu, shi ne ya gaya wa yaro yadda aka san abu. Ɗauki kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Yobe ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Aka tono, sai ga jirgin ruwa mai tsawon mita takwas da 'yan kai, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000. Littafi maras kyau zai ba ka adadin ya wuce, yaro ya haddace don jarrabawa. Mai kyau zai tsaya ya yi bayani: duk itace mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon, idan an sare shi sai sinadarin ya riƙa raguwa a hankali bisa ƙa'idar da aka sani, abin da ya rage a jiki shi ke nuna tsawon zamanin. Yaron da ya ji wannan, gobe in aka turo masa labari a WhatsApp, da kansa zai ce "ta yaya aka sani?" Haka labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura. Ina son 'ya'yana su san shi, su je su ga rijiyar, su sha ruwanta. Amma ina son littafin ya bambance musu tsakanin "an ce" da "an tabbatar", ba tare da ya raina ko ɗaya ba.

Sai batun kusa da nesa. Littattafan waje da ke cika kasuwanninmu suna koyar da lokutan shekara huɗu da dusar ƙanƙara da itacen da yaro bai taɓa gani ba. Ba laifi ya san su. Amma wa zai gaya masa dalilin da ya sa hazon hunturu ke zuwa daga arewa maso gabas, ko me ya sa kuka ke zubar da ganye da rani, gawo kuma da damina? Yaran da ke haukan dainoso, dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare a duniya, nawa ne suka san an tono ɗaya a Gadufawa cikin hamadar Nijar, mai haƙora sama da 500, har aka raɗa masa sunan ƙasar? Waɗanda ke Katsina da Gusau ranar 29 ga Maris 2006 sun ga rana ta kisfe gari ya yi duhu da hantsi. Littafin da zai fara bayanin husufi daga nan, ko daga daren da yara ke kaɗa gwangwani suna cewa rana ta kama wata, ya riga ya kama zuciyar mai karatu. Kuma Zara matar wata da muke gani da magariba da Gamzaki na asuba, duk duniya ɗaya ce, Venus. Ranar da na gaya wa 'yata haka sai da ta sa na tashe ta da assalatu don ta duba.

Na san amsar da za a ba ni: ina littattafan suke da Hausa? Ƙorafin gaskiya ne, sun yi ƙaranci ƙwarai. Amma ba sabon abu ba ne a yi su. Tun kafin 'yancin kai Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah a Zariya, littafin ilimin halittu da Hausa tsantsa. Yau muna da jami'o'i a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, cike da malaman da suka san waɗannan abubuwa ciki da bai. Ɗan littafi mai shafi 30 a kan sauro, ko ganuwar Kano, ko yadda ake rina zane da baba a karofin Ƙofar Mata, bai fi ƙarfinsu ba. Malamanmu, don Allah a waiwaye mu.

Kafin nan, in na Turanci za ka saya, tafi da yaron. Ba shi ya karanta shafi guda a fili nan cikin shagon. In yana tuntuɓe a kowane layi, littafin ya yi masa girma, zai ƙare ne a saman kwaba yana shan ƙura. In kuma ya karanta ya ɗago kai ya yi maka tambaya, biya kuɗin ko da ya fi sauran tsada, sauran yaran gidan da na maƙwabta ma za su ci moriyarsa.

Littafin 1994 ɗin ban yar da shi ba, don bayaninsa na wata da rana yana nan daram. Mun ɗauki biro ni da ita, ta ja layi ƙarƙashin Pluto, ta rubuta a gefen shafi da hannunta: "An canja a 2006." Yanzu tana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya tana neman wani wurin da za ta gyara.