Baba Soja da dajin Bama

Jiya na bi ta gaban barikin Kalapanzin a Kaduna sai wani tsohon unguwarmu ya faɗo min a rai, Baba Soja muke ce masa, Allah ya jiƙansa. Muna yara ba mu da aiki sai tsokanarsa, mu bi shi a baya muna lef-rai lef-rai, shi kuma ya ƙame ya sara mana mu yi ta sheƙa dariya. Wallahi sai da na girma na san Kalapanzin sunan kogi ne a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, inda sojojinmu suka gwabza da Jafanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, barikin Chindit na Zariya ma daga yaƙin can sunan ya fito, haka Dodan da Myohaung a Legas. Kullum muna wuce su a Keke Napep ko a jikinmu.

Shi dai ba da son ransa ya tafi ba, cewa ya yi dagaci ne ya nuna shi, daga gona sai bariki sai jirgin ruwa har Bombay ta Indiya, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin garinsu ba. Runduna ta 81 ce, 1943. Kuma abin mamaki bai cika zancen Jafanawa ba, zancensa ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi sai an ɗana musu wutar taba su saki, da akwatin harsashi a ka ana hawa dutse tunda mota ba ta shiga dajin. Ya ce ko Turawan hafsoshi sai da suka koyi Hausa, da ita ake magana a sansani. Aka gama a 1945, ɗan abin sallamar da aka ba su ko kusa da na farar fata bai kai ba, ya dawo ya ƙare a gadin kanti.

Ni fa shi ya sa bikin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu ba ya burge ni, manya su ajiye fulawa su saki tantabaru a watse, alhali mazan jiyan basasa na 1967 zuwa 1970 ga su nan da ransu suna jiran fansho, ba mai zama kusa da su ya ce Baba ba ni labari, ga rikoda a wayar kowa.

Lambobin yabonsa uku a gwangwanin madara yake ajiye su. Bayan sadakar bakwai jikokinsa suka haɗa da tsofaffin tukwane suka ba ɗan gwangwan.