Kai ka kashe masa gwiwa, sannan ka ce ba ya ja

Abin takaici ne malami ya tsaya gaban aji ya ce wa yaro "kai ba za ka taɓa iya lissafi ba", ƙarshen zango kuma ya ɗaga takardar sakamako yana cewa ai dama ya faɗa. Faɗa ka yi ko jawowa ka yi, Malam?

Ba sai an zagi yaro yake gane matsayinsa ba. Yana ganin wanda ake kira da sunansa da wanda ake ce wa "kai na baya". Yana lura da wanda ake jira ya yi tunani. A farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi a Amurka, ta auna wannan jiran: malamai kan ba yaro kusan sakan ɗaya kacal bayan tambaya, wanda suke ganin ba shi da ƙoƙari kuwa sun fi saurin wuce shi. Da aka kai jiran sakan uku, amsoshi suka ƙara tsawo, masu shiru suka fara magana. Sakan uku fa! A wani bincike kuma da aka wallafa a 1968, masu binciken, Rosenthal da Jacobson, sun gaya wa malaman wata firamare a Amurka cewa wasu yara za su yi fice, alhali zaɓen kan mai uwa da wabi aka yi. Yaran sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da biyu.

Ga yadda ɓarnar ke tafiya. Yaro ya yi tambaya, an yi masa tsawa, aji ya kwashe da dariya. Ba zai sake ba. Bai gane raba lamba ba, aka wuce, darasin gaba kuma a kansa aka gina shi. Sai kwafar aikin gida. Littafi ya dawo da 2/10 da jan biro, an rubuta "ka ƙara ƙoƙari", ba a nuna masa layin da ya kauce ba. Ƙoƙarin me zai ƙara? Sannan a karanta makin kowa da ƙarfi don a kunyata shi.

Cunkoson aji da yawan aiki gaskiya ne, amma ba su ke sa wulaƙanci ba. Shugabannin makarantu kuma sun iya duba tsarin darasi da sa hannu. Su shiga aji su zauna minti 40, su ƙirga yara nawa aka tambaya, nawa aka katse, nawa ba a ko kalla ba.